Ƙarar Habi da Yaƙin Masar

Talata, 6 ga Nuwamba, 1956. Wurno.
Sojan Ingila da na Faransa sun sauka Bur Sa'id jiya da safe. Landan ta faɗa, Alƙahira ta faɗa. Inda suka saɓa shi ne sunan abin. Alƙahira ta ce yaƙi. Landan ta ce aikin 'yan sanda ne, raba faɗa suka je yi tsakanin Masar da Isra'ila. Na daɗe a Zariya ina gyaran kuren ɗab'i, na karanta ƙarya iri-iri kafin a buga ta, amma ban taɓa jin ɗan sandan da ya faɗo daga sama da laima ba.

Masu taruwa gindin akwatin rediyon En'e da nake kula da shi sun ninka. Wani ya tambaye ni ko Masar gaba take da Makka ko baya. Shi ne kuma ya fi kowa rantsuwa za a kori Turawa kafin Juma'a.

Laraba, 7 ga Nuwamba.
An tsagaita wuta. Ƙanwata Habi ta zo daga Rimawa a ƙasa, ƙafa duk faso.

Bari in tsara maganarta don ni kaina in gane. Mijinta Isa ya tafi hajji ta ƙasa shekara biyar ke nan. Alhajin ƙarshe da ya gan shi ya ce dako yake yi a bakin jirgin ruwa a Bur Sa'id. Bara ta kai ƙara. Alƙalin wajensu ya ce matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi cikin zaman lafiya sai ta jira shekara huɗu daga ranar ƙara. Da ba a ci da ita, da an raba auren tuni. Surukinta Baba Maccido ya san haka, shi ya sa damin geronsa ba ya fashi. Ba tausayi ba ne, turke ne.

Yanzu wata ta gaya mata wanda ya ɓace a yaƙin Musulmi da kafirai hukuncinsa daban: shekara guda, sai takaba. Na duba littafi, haka ne.

“Yaya, yaƙi na ko ba yaƙi na ba?”

Na ce mata miji dai take so.

“Ɗiya ni ka so,” in ji ta. “Tsararrakina sun fara aurar da nasu.”

Juma'a, 9 ga Nuwamba.
An yi wa Masar addu'a bayan salla, kwana biyu da daina harbi. Masu amin da ƙarfi su ne za su tuɓe takalma tun daga nesa ran da Bature ya zo rangadi. Wani ɗan siyasa ya hau turmi a kasuwa yana cewa ’yan’uwanmu na Masar, ya ƙare da roƙon ƙuri'a.

Can kuma Rasha na la'antar Ingila, tankokinta suna cikin Hangare. Amirka na yi wa ƙawarta faɗa a bainar jama'a. Kowa limami ne a kan laifin wani.

Lahadi, 11 ga Nuwamba. Goronyo.
Na ga alƙalin su Habi a zaurensa. Mutum mai karatu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya kawo mini hukuncin da ka, har da saɓanin malamai, sannan ya rage murya.

“Malam Attahiru, in na rubuta yaƙi da kafirai, su wa ak kafiran? Mai Lofe ka duba littafin ga in ya zo.”

Mai Lofe shi ne Di'o. Na ce to ya rubuta abin da ya faru. Ya ce alƙali ba ya hukunci da abin da ya ji a akwati, sai da shaida. “Kai ka jin Turanci, kai ka jin Larabcin nasu. Taho ka faɗi gaban jama'a, ni ko in rubuta wane ya ce.”

Wato wuyana yake so ya ara.

Litinin, 12 ga Nuwamba.
Ban ce zan je ba.

Laraba, 14 ga Nuwamba.
Mai Lofe ya biyo ta Wurno zai wuce Rabah. Ya kira ni gindin mota, da Hausarsa ta jarrabawa. “Malam, gwamnati ba ta yaƙi da Musulmi. Ka gaya wa mutane babu yaƙi.” Ya ce akwai gurbi a ofishin labarai na Sakkwato, ana duba masu hankali. Ya ce akwati kuma na En'e ne, ana iya ba wani.

Na ce ranka ya daɗe, na ji. Na lura bai dube ni ba lokacin da yake cewa babu yaƙi. Ina jin shi ma yana karanta jaridun garinsu.

Asabar, 17 ga Nuwamba.
Baba Maccido ya zo a kan jaki, ya ƙi shiga zaure. Na zaci faɗa ya kawo, na shirya masa amsa. Sai ya zauna a ƙasa.

“Ɗana, an ce kai za ka shaida. In ka ce yaƙi na, baɗi war haka Habi ta yi takaba. Takabar wa?”

Na ce Baba, hukunci ne kawai, ba gawa aka gani ba.

“Awo. Ku masu karatu kuna iya raba su.”

Ya tambaya ko akwatin yana faɗin sunayen waɗanda suka mutu. Na ce ko Misirawan ba a gama ƙirga ba, balle ɗan dako daga Rimawa. Bai kamata in faɗa haka ba. Ya kwance jakinsa ya tafi.

Isa dai sakarai ne tun yana nan. Wannan bai canja ba.

Talata, 20 ga Nuwamba. Goronyo.
Na shaida. Na ce jiragen Ingila da Faransa sun jefa bom a Masar, sojansu sun shiga Bur Sa'id da harbi, an kashe mutanen gari. Alƙali ya ce, “Mi as sunan wannan?” Na ce yaƙi. Alƙalaminsa ya daɗe cikin tawada kafin ya fito ya rubuta.

Ba don Habi na yi ba. Ba na iya barin kure a shafi, shi ke nan.

Baba Maccido na bayan jama'a. Da aka watse na raka shi har bakin gulbi, ina riƙe da igiyar jakin. Ban san abin da ya kai ni ba, hanyata ba can take ba. Na ce masa zan nemi alhazan da ke dawowa ta Sudan in tambaya.

Habi ba ta gode ba. Kuka ta yi, ban tambaye ta na mene ne ba.

Hukuncin ba ya tsayawa sai Di'o ya duba littafin. An ce zai iso Goronyo ran Alhamis. Magatakardan alƙali bai tabbatar ba tukuna.