Muryar Innarmu Tana Cikin Buhun da Za a Ƙona

Zuwa ga Malam, Shugaban Kwamitin Gyaran Tarbiyya na unguwarmu, Rano.

Assalamu alaikum. Ina gaida Malam da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Hafsatu, ƙanwar Nasiru mai kaset, wadda ke durƙusawa a zaure ta kasa ɗago kai. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuta.

Na farko. Ranar kasuwar da ta wuce yaranku sun kwashe kaset ɗin rumfar Yaya Nasiru kaf, suka zuba a buhu. An ce bayan sallar Juma'a za a cinna masa wuta. Da aka ƙwace littattafan soyayyata a makaranta na yi kuka, amma ban kai ƙara ba. Wannan daban ne.

Na biyu. Su uku ne, Yaya da abokansa biyu 'yan Rurum, tun suna sakandare suke waƙar hip-hop da Hausa. Sun yi wasa a bukukuwan Fassi da Kibiya. Waƙoƙinsu a kan tsadar taki ne da wahalar 'yan acaɓa. Na yarda wandunansu sun yi buhu-buhu, hular ma a juye, ni kaina kunya suke ba ni. Amma hoton bangon kaset ɗinsu aka duba, ba a saurara ba.

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. An faɗa a masallaci wai sun ɗauko wata 'yar gala tana musu amshi. Malam, Innarmu ce. Ba su da kuɗin kayan kiɗa, sai Yaya ya ajiye rakoda a gindin turmi, ni da Inna muna lugude, tana waƙar dakanta. Wannan bugun taɓaryar shi ne kiɗansu. Akwai inda ta yi dariya don na saɓa bugu, ta ce, "Ke Hafsatu, hankalinki na wajen littafi." Yaya bai goge ba. Inna ta rasu da damina. Ba mu da hotonta ko ɗaya.

Kaset ɗin asali yana cikin buhun nan, fari ne, an ɗaure shi da kyauro ja. Yaya ya yi zuciya ya tafi Kano acaɓa, abokan sun watse. Waƙarsu ta mutu, ba ita nake roƙo ba.

Ina roƙon Malam ya saurara da kunnensa, ya wanke sunan Inna a inda aka ɓata shi, ya ba ni farin kaset ɗin. In ba zai yiwu ba, a bar ni in ji sau ɗaya kafin Juma'a. Jiya ina daka na nemi yadda take jan ƙarshen waƙar, na rasa.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya jiƙan mahaifiyarsa da tamu.

Wassalam.
Hafsatu, Rano.