Tabarmar da Kika Mayar Mini

Bakin kogi, ta hanyar Guri,
Talata, 9 ga Yuli, 1974.

Zuwa ga Rahila, sanyin idona, furen badon da ke buɗewa a tabkinmu da hantsi, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan randar da na fi so in sha. Ke da takun ƙafarki ya fi mini daɗin ji fiye da saukar ruwan farko a kan jinka!

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya zaman baƙunta a asibitin mishan, yaya haƙuri da shan magani kullum? Ina fata kina cin abinci, don na san halinki, da ranki ya ɓaci sai ki huce a kan tuwo ki ce kin ƙoshi. Ni lafiyata lau, in ban da ciwon da kika aiko mini da shi a naɗe, wanda saboda shi ne na zauna rubuta miki wannan takarda.

Saƙonki ya iso. Wata biyu ke nan da gwaggonki 'Yar'azumi ta dawo daga duba ki a Kano, ta shigo gidanmu ɗauke da tabarmar da kika fara saƙa wa ɗakin aurenmu. Ta ajiye ta a gabana, ta kasa ɗaga ido ta dube ni. Ta ce kin ce in yafe miki, kin sake ni daga alkawarin da ke tsakaninmu, in je in nemi mace mai cikakkun yatsu, wai ba ki so a riƙa nuna ni da baki a kasuwar Hadejia ana cewa ga mijin kuturwa. Haba Rahila! Haba farin cikin raina! Yaushe alkawarin da muka ɗauka mu biyu a gaban Ubangiji ya zama naki ke kaɗai, har za ki naɗe shi ki ba gwaggo ta kawo? To, ga amsata tun daga bakin ƙofa, kada ki wahala neman ta a ƙarshen takarda: ban saku ba.

Kin tuna shekarar babban ruwa, kafin wannan fari ya sauko mana? Ranar da na ɗauko ki a kwalekwale daga tsallake, ke da daminki na kaba, ruwa ya shafe fadama har ba a ganin komai sai kawunan goruba da balbelu a kansu? Muna tsakiyar ruwa katako ya tsage, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Ni da ake kira ɗan masunta, ni mai cika baki a gaban samari, sai ga filafili yana neman kuɓuce mini. Ke kuwa ko gezau. Kika ɗauki ƙoƙo kika hau kwalfar ruwa kina rera waƙar yabo, kika ce mini in yi tuƙina, ke ki yi kwalfarki, sauran na Mai ruwan ne. Da muka kai gaɓa na dube ki, zanenki sharkaf, kina dariyar tsorona, na ce a raina ko wannan ko kuwa babu. Yau ke ce za ki ajiye ƙoƙo a tsakiyar kogi, ki ce in yi iyo in tsira ni kaɗai? Maganarki ta ranar nan ita nake mayar miki, tunda ke kika koya mini ita.

Akwai abin da ke cina, bari in fitar da shi. Ranar da kika sauke tukunya daga murhu da hannu, ba tsumma, ba ki ko yamutsa fuska ba, na yi dariya na kira ki mai hannun ƙarfe, har na yi ta ba abokai labari ina alfahari. Sai washegari muka ga ƙuna ta yi bororo a yatsunki, ke kuwa ba ki san ma ta faru ba. Ashe cuta ce take sallama, ni ina yi mata tafi. Wannan dariyar har yau tana ƙona ni fiye da yadda tukunyar ta ƙona ki. Ki yafe mini ita, don a tsakaninmu ni ne mai neman yafiya.

Za ki ce me ya hana ni amsa miki tun tuni. Kwana uku tabarmar nan tana jingine a kusurwa, na kasa taɓa ta, na kasa fitar da ita. Ba zan ɓoye miki ba, a kwanakin nan na yi wa Allah tambayoyin da ba zan so mai bishara ya ji ba. A rana ta huɗu na ɗauke ta na kai wa Yagana, tsohuwar da ta koya miki saƙa. Ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta bi ta da yatsa sannu a hankali, kamar yadda muke bin layi a ajin karatu. Ta nuna mini kamu huɗu na farko, saƙi a matse, ko allura ba za ta ratsa ba. Ta nuna mini inda saƙin ya fara sakwarkwacewa. Ta nuna mini wasu 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a gefen kaba, ta ce jini ne, kaba ta yanke ki ba ki ji ba. Daga nan kuma, Rahila, saƙin bai tsaya ba, ya ci gaba har kamu guda cif. Yagana ta ce wannan kamun ido ne ya saƙa shi, hannu bai san yana yi ba. Ta faɗa tana share hawaye da bakin mayafi.

Sa'an nan ga abin da ya tona miki asiri, ya ke mai wayon da bai kai ba! A cikin naɗin akwai sauran kaba, a tsage, a rine ja da baƙi, an ɗaure ta dami-dami daidai abin da zai ƙarasa aikin. Na tambayi gwaggo, ta ce ita ma ta so ta cire ta don rage kaya, kika hana, kika ce ba a raba aiki da kabarsa. Na sani al'adarku ce ta masaƙa, hannunki ya yi abin da ya saba. Amma wa kike so ki ruɗa? Bakinki ya aiko gwaggo da magana ɗaya, hannunki ya aiko da wata, ni kuwa hannun na gaskata, don shi ne ya zub da jini. Macen da ta yanke ƙauna ba ta aiko da sauran kaba.

Saboda haka na zauna na ƙarasa. I, ni Filibus, mai koma da taru! Kin san a garinmu saƙar kaba ta mata ce. Sai ga ni kullum da la'asar a gindin tsamiya, a tsakiyar tsofaffi, na miƙe ƙafa ina saƙa. Gari ya samu abin dariya har ya manta da yunwa. Abokina Gwadabe ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in ya je Kano zai sayo mini ɗankwali. Yagana kuwa ba ta san sabo ba, da na kuskure sai ta tsula mini kaba a bayan hannu, ta ce hannun masunci ne, inda ba a bukatar ƙulli nan yake ƙullawa. Sau uku tana sa ni in warware. Duk da haka, in kin ga ɓangarena sai kin riƙe ciki: ya karkata nan, ya lanƙwasa can, kamar kogin Hadejia ne da kansa ya bi ta kai. Amma yana da ƙarfi, na gwada shi da nauyina.

Ba dariya kaɗai na sha ba, gara ki ji daga bakina. Tun da aka ga ina taɓa abin da kika taɓa, akwai waɗanda suka daina sa hannu a akushina. Innata ta yi kuka, ta roƙe ni in ƙone tabarmar. Ban yi mata musu ba, na dai ci gaba da saƙa a gabanta, ina addu'a Allah ya kwantar mata da hankali. Yanzu ita ke ajiye mini ruwan jiƙa kaba. Gwadabe kuma, da carbinsa da komai, bai fasa cin tuwo da ni ba ko rana ɗaya, ya ce cuta da magani duk na Allah ne. Na je Hadejia na sami malamin ɗakin magani na tambaye shi. Ya ce mai shan ƙwayar nan ba fashi, cutar kan tsaya inda aka same ta, kuma ya san mutane da yawa da suka koma gida da takardar sallama, suka yi aure suka haihu.

Amma ko da bai faɗa mini haka ba, Rahila, zuciyata tana nan inda take. Ba ke ce kika fi ni riƙe labarin nan ba, na kuturun da ya durƙusa a gaban Yesu? Me Ubangijinmu ya fara yi? Ya miƙa hannu ya taɓa shi, tun jikin yana yadda yake, warkarwa ta biyo baya. Bai ce masa je ka warke tukuna ka dawo ba. In Mai tsarki bai yi ƙyamar mai ciwo ba, ni wane ne, mai ƙarnin kifi, da zan ja da baya? Ban san ko zai mayar miki da jin yatsunki ba. Ina roƙonsa safe da yamma, kuma na tabbata yana da iko. In ya mayar, mun gode. In ya bar su haka, har yanzu shi ne Allah, ke kuma har yanzu ke ce Rahila. Ai ba yatsu na kai wa gaisuwa gidanku ba.

Bari in ba ki labarin gida. Kin bar mu kogi bai fito ba, fadama ta tsattsage har akuya na karya ƙafa a ciki. Rabin masunta sun tafi Chadi, sun yi ta jana in bi su, na ƙi. Inna ta ɓoye irin shinkafa a gindin rumbu, duk wuyar da muka sha ba ta bari an dafa ko ƙwaya ba. Makon jiya aka yi ruwa ɗaya mai ɗan dama, na fita na watsa shi duka a fadama, har da gefen da na ce zai zama naki. Mutane suna cewa na yi ganganci, wai ana ta raɗe-raɗin an tare kogin a can sama, wa ya sani ko ruwa zai zo? To, tun kakanninmu yaushe aka taɓa jiran ganin ambaliya kafin a watsa iri? Wanda ya jira ya ga ruwa ya makara, shinkafa sai ta riga ruwa tsayuwa. Mu mutanen fadama haka Allah ya yi mu, muna zuba abincinmu a ƙasa tun kogi yana can nesa, mu koma gida mu jira shi. Abin da na yi da iri shi nake yi da ke, kuma ban ji ɗar ba. Shamuwa ma ta dawo kan kukar bayan majami'a.

Ya ke abar ƙaunata, wa ya gaya miki ke nauyi ce? Wa ya gaya miki gidan da ba ki a ciki zai zama gida? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kin sani, amma ba a ce sai hannuwan duka huɗu sun zama lafiyayyu ba. Ni zan sauke tukunya, ni zan tsaga kaba, ni zan duba tafin ƙafarki kowace yamma in ga ko ƙaya ta shiga ba ki ji ba. Ke kuma ki riƙe mini waƙa in ruwa ya shigo jirgi, don a wannan fannin har gobe ni ne gurgu. Shekara biyu likita ya ce? Ko biyar ya ce, ina nan. Kewarki ta yi mini yawa, Rahila. Ina jin muryarki a cikin mata ranar Lahadi, in juya, ba ke ba ce.

Gwadabe ne zai kawo miki wannan takarda, don gobe zai shiga Kano. Ni kuma ranar Asabar, ashirin ga wata, in Ubangiji ya yarda, zan hau jirgin ƙasa a Malam Madori da tabarmar a kafaɗata. Abu ɗaya na bari ban yi ba, ban kalmashe bakinta ba. Yagana ta so ta yi mini, na ce a'a, mai aiki ita ke rufe aikinta. In yatsunki sun iya, ke za ki yi. In ba su iya ba, ki riƙe gefe ɗaya ki riƙa gaya mini, in yi miki da nawa, ki zage ni in na karkace.

Ba zan shiga in matsa miki ba. Zan nemi inuwa a bakin ƙofar asibiti in shimfiɗa ta, in zauna a kan karkataccen ɓangarena, in bar miki naki mai kyau, da kamun nan guda da idonki ya saƙa. In kin fito da hantsi, za ki same ni. In sai la'asar, za ki same ni. In kunya ta hana ki ranar nan, zan zo da guzurin garin da zai kai ni kwana bakwai, kuma kin san masunci bai gajiya da zaman jira. Duk mai wucewa da ya tambaye ni wa nake jira, zan faɗa masa sunanki da ƙarfi, in ce matar da zan aura ce.

Ubangiji ya riƙe ki, ya riƙe ni, har ya zaunar da mu a tabarma ɗaya.

Ni ne naki, da ruwa da fari, da lafiya da ciwo, har ranar da za a naɗe ni a tawa tabarmar,

Filibus Auta.