Gashin Anti a Cikin Kwalba

Yaya Hasiya,

Ina gaishe ki da kyau daga Amurka. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ki shafa min kan Khalil. Ni lafiya ƙalau nake a Manassas, sai dai wani abu ya faru.

Malamar tarihi ta koya mana yadda mutanen Ingila na dā suke tsoron mayu. Wai sukan zuba lanƙwasassun ƙusoshi da allurai da gashi a kwalba, su binne a ƙarƙashin murhu. Ta ce kowa ya haɗa irin kayansu ya kawo aji. Ƙusoshi na samu a garejin Kawu Sabo. Gashi kuwa, kaina da sabon kitso, sai na cire na jikin matajin Anti Tayyiba, matar Kawu, a banɗaki. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Anti Tayyiba ta tsinci kwalbar a ƙarƙashin gadona, ta gane gashinta saboda jan lalle. Ta ce, "Zahra, me na yi miki?" Na kasa ko ɗaga kai. Ta kai wa wani malami a garin Bowie ya karya asirin, malamar tarihi kuma ta ba ni sifili don ban kai kwalbar aji ba. Yanzu Anti ba ta cin girkina, har na ji tana ce wa Kawu a mayar da ni gida.

Kada Inna ta ji. Don Allah ki kira Anti, ni da na buɗe baki sai kuka. Ki faɗa mata a wurin Turawan kwalbar ta tsari ce, kuma mai gashin ake tsarewa.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Zahra