Hannun Inna a Bango

Daren Laraba, cikin watan Safar

Yau maso, wato magini Malam Sale, ya shafe ɗakin marigayiya Inna da siminti. Ni na ba da izini, ba wanda ya tilasta ni. Damina biyu ke nan ruwan kogi na jiƙa gindin bangon, ga ɗiyata Habsatu za ta zo daga Garou wankan jego. Ba zan kwantar da jinjiri cikin laima ba.

Amma akwai wurin nan ta gabas, inda laka ta yi baƙi ta yi sulɓi. Tun da gwiwoyinta suka gaza, nan Inna ke dafawa ta miƙe bayan kowace salla. Na ce, "Malam Sale, ko a bar mini ɗan wurin nan?"

Ya ce, "Haba Hajiya, dauɗa ce fa. In na bar shi, ta nan ruwa za shi bi."

Shafa ɗaya ya yi, wurin ya ɓace.

Da magariba ƙafata ta kai ni can da tabarma. Na sallame, na yi mata addu'a, na dafa bango na miƙe. Sai da na ji sanyi a tafina na tuna simintin bai bushe ba.

Yatsu biyar, daidai inda nata suke, har da karkataccen ɗan yatsan da na gada wurinta.

Gobe in ya gani zai shafe. Allah Ya gafarta mini, na ja tsohon ƙyauren da aka cire na kare wurin, har ya bushe.