Bangon da ke Bayan Sif

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara duka. Ya ciwon bayan nan, ya sake ki kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Baban yara yana ta fama da aiki, 'yan matan sun koma makaranta, Inna kuma tana nan yadda kika san ta, baki lafiya ƙalau, gwiwoyi ne dai suka ƙi. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Duk sanda kika kira, Inna tana gefena ta kasa kunne, kuma akwai abin da ba na iya faɗa a gabanta. Ga shi zama ya gagare ni kwanakin nan. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi yi, shi ya sa na ce bari in ba hannuna aikin rubutu ko zai tsaya wuri ɗaya.

Kin ce ku ma kuna tunanin sa naku gidan a kasuwa, kin tambaye ni yadda ake yi. To Yaya, saurara ki ji yadda tawa ta kasance, ki tsinci abin da zai amfane ki. Yau mako bakwai ke nan da aka kafa allon sayarwa a ƙofar beninmu. Kin san dalili. Hawa na uku muke, matakala arba'in da takwas, kuma rabon Inna da ta taka su da ƙafarta tun kafin zuwanki na ƙarshe. Ranar asibiti sai Baban yara da maƙwabcinmu na ƙasa su ɗora ta a kujerar roba su sauko da ita, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi har a kai ƙasa, ba ta buɗewa sai an sa ta a mota. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ni ce nake kasa cin abinci a irin ranakun. Mun samu wani gida na ƙasa, ɗaki uku da ɗan fili a gaba inda za ta iya zama ta sha iska. Mai shi tsohon malamin makaranta ne, mutumin kirki, ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen watan nan, amma bai ɓoye mana ba cewa akwai wani a bayanmu da yake nema. Idan namu bai shiga ba, wancan ya tafi.

Dillalin da muka samu mutum ne mai saurin baki da saurin ƙafa. Ranar farko ya zagaya gidan hannu a baya kamar mai duba mara lafiya, sannan ya ce kayanmu sun cinye gidan. Ya ce mai saye ba kujerunmu ya zo gani ba, fili ya zo gani, kuma yana so ya hango kansa a ciki, ba ya hango mu ba. Raina ya sosu, amma na bi. Muka fitar da rabin kujerun falo, da teburin ɗinkina, da kwalayen da ke saman kabad tun ranar da muka tare, duk aka kai ɗakin ajiyar ƙanin Baban yara. Hotunan bango suka sauka. Labulayen nan masu kauri da kika aiko mini na cire su na sa farare marasa nauyi. Aka yi fenti mai haske, aka canza ƙwan fitila, aka gyara famfon kicin da ke ɗiga da hannun ƙofar banɗaki da muka yi shekara uku muna ɗaga shi sama kafin ya buɗe. Gaskiyar magana, ya san aikinsa. Da aka gama na tsaya a bakin falo na ƙi yarda nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina cewa gidan ya yi mana kaɗan, ashe tarkacena ne ya yi yawa. Wannan kam ki yi shi tun kafin kowa ya shigo miki.

Amma zama a gidan da aka shirya don idon baƙi wata azaba ce da ba wanda ya gaya mini. Waya za ta yi ƙara, dillali ya ce ga su nan nan da rabin awa, sai gida ya hargitse. Babbar 'yata ta ɗauki tsintsiya, Ƙarama ta kwashe takalma ta zuba a injin wanki, ni in goge madubi da gefen zanina ina buɗe tagogi. Kifi kam mun daina soyawa, don wari. Wata rana Baban yara ya kusa makara yana neman katin wurin aikinsa, sai cikin tukunya aka same shi, kuma ni na sa shi da hannuna ban sani ba. Masu kallo kuwa mun ga iri-iri. Akwai wanda ya buɗe kowace durowa har ta kayan cikina. Akwai matar da ta zagaya ko'ina, a ƙarshe ta tambaye ni inda na sayi labule, ashe abin da ya kawo ta ke nan. Inna tana kujerarta a bakin taga tana yi wa kowa sannu da zuwa, in sun fita ta ce wannan ba mai saye ba ne, daga takunsa ta gane. Abin haushin, ba ta taɓa kuskure ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar da mai fenti ya janye sif ɗin ɗakin 'yan mata, sai ga bango ya yi baƙi daga ƙasa har ƙuguna, ya jiƙe, yana warin ruma. Banɗaki ne a bayansa. Dillali ya duba ya ce wataƙila bututun mutanen sama ne, kuma in aka ce za a fasa bango sai an nemi yardarsu, a yi mako uku ko fiye ana ja, mu kuwa ba mu da wannan lokacin. Ya ce a kankare, a shafa fenti hannu biyu, a mayar da sif, haka kowa yake yi, wanda ya saya ai zai yi nasa gyare-gyaren. Na kalli Baban yara, shi ma ya kalle ni, babu wanda ya ce a'a. Yaya, da ni aka tura sif ɗin nan, da kafaɗata. Tun daga ranar, duk wanda ya shiga ɗakin sai in tsaya a jikin sif ɗin ina ta surutu kan hasken taga.

A mako na shida wasu mata da miji suka zo. Ita nas ce, da tsohon ciki, ta hau matakalar nan tana hutawa a kowane hawa tana dariya. Shi kuma mai shiru-shiru ne, yana bin ta da jaka. Da suka fita Inna ta ce waɗannan za su dawo, kuma bayan kwana biyu sai ga su. Sun riga sun daidaita da dillali, kallon ƙarshe suka zo yi. Muna cikin ɗakin 'yan mata sai matar ta dafa sif ɗin ta ce wa mijinta idan aka fitar da wannan, nan za a sa gadon jariri, a jikin bangon nan, don ya fi nesa da iskar taga. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Bakina kawai na ji yana ce wa Baban yara ya kama mini mu janye sif ɗin, akwai abin da ya kamata su gani. Ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya zo ya kama. Sabon fentin har ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Na faɗa musu komai, har da cewa mun san da shi muka rufe. Matar ta shafa wurin da yatsa, ta shinshina, ta yi godiya a hankali, suka ce za su yi shawara.

Dillali bai ko bari sun gama sauka ba ya fara. Ya ce shekara ashirin yana sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya kashe cinikinsa da bakinsa irina ba. Baban yara kwana biyu daga gaisuwa sai gaisuwa, sai a na uku ya ce mini shi ma abin yana cin sa, tsoro ne kawai ya riƙe shi. Inna kuwa ta jiyo hayaniyar dillali ta tsare ni sai da na gaya mata. Rabon da ta yi mini irin wannan faɗan tun ina budurwa. Ta ce wato saboda ita za mu kwantar da jaririn mutane a jikin ruɓaɓɓen bango? Ta ce in haka ne gara a bar ta a saman nan har ranar da za a sauko da ita saukowar ƙarshe. Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi, na kasa gane na kunya ne ko na tsoro.

Kwana biyar ba kira, ba saƙo. Wayar tana hannuna har wajen wanke-wanke. A na shida na ce zaman jiran ya isa, na kira mai gyaran famfo da kaina. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya cire tayil huɗu a banɗaki, sai ga shi ba ruwan mutanen sama. Mahaɗin bututunmu ne ya tsage, aikin kwana biyu, sai jiran bango ya bushe. Kin ji abin da muka yi ta ɓoyewa muna hana kanmu sakewa. Ana tsakiyar aikin, gida duk ƙura, bokiti a falo, Ƙarama ta baza littattafai a ƙasa, ni kuma da tsohon zani, sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ce da kawunta, wani dattijon magini. Na so ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ko kallon falon bai yi ba, ya wuce ya tsuguna ya zura hannu cikin ramin, ya yi 'yan tambayoyi wajen mai gyaran, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce wa 'yar tasa ya ji daɗi da ya tarar da bangon a buɗe, don yanzu ya san abin da ke ciki, sauran ginin kuma lafiyarsa ƙalau.

Don haka Yaya, kafin ki kafa allo ki janye kowane sif da kowane gado ki ga bayansu da idonki, ki kira mai gyara tun kina da lokaci, kada ki ɗauki hasashen dillali a matsayin bincike. In kuma ke ce mai saye, ki je sau biyu ko uku, a lokuta daban, ki buɗe kowane famfo, ki sa hancinki ya yi aiki, ki tsaya ki gaisa da maƙwabta. Matakala kuma ki hau ta kina tuna gwiwar tsufa, abin da mu ba mu yi ba ke nan.

Har yanzu ba a sa hannu ba. Takardun suna wajen lauyansu, ya ce Alhamis da safe in bai ga wata matsala ba, wa'adin malam kuma Asabar ne. Kin ga kuwa babu wurin ko tuntuɓe. Amma ɗazu da hantsi nas ta kira, wai in taimaka in auna mata faɗin tagar falo da ta ɗakin, za ta kai wa tela. Sau uku ina aunawa ina samun lamba daban, sai da Babbar ta karɓi tef ɗin. Macen da ta fara zancen labule ai ta riga ta tare a zuciyarta, ko ba haka ba? Ki ce mini haka ne.

Ki gaishe mini da maigidan, da Dogo, da takwarar Inna, ki ce wa Autanki na ji labarin jarrabawa, Allah ya yi albarka. Baban yara yana gaishe ki, 'yan matan ma haka. Alfarma ɗaya nake nema. Ranar Alhamis, da mun fita zuwa wajen lauya zan yi miki saƙo. Ki kira Inna, ki ja ta da hira, ko ta mene ne, ko faɗa ne ku yi, har mu dawo. Ba na so ta zauna ita kaɗai tana kallon ƙofa.

Wassalam,
Taki har kullum,
Ƙanwarki.