Kujerun Aranka

Zuwa ga Yayata Etelka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Jamus. Allah ya ƙara miki juriya, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna ta koma faɗa da kowa, kin ga alamar ta warke ke nan. 'Yata Boglarka ta ci jarrabawarta. Ƙanƙara ta narke, kogin Tisza kuma bana bai shigo mana gida ba, mun gode Allah.

Yaya, shekara biyu ke nan ina ɓoye miki wata magana, yau dai ta ishe ni. Kin tuna ƙungiyar nan da ke zaɓar gidaje marasa ƙarfi ta haɗa su da jagora? Jagorar kan zo duk mako ta zauna da mutanen gidan, ta koya musu noman kokwamba a kan raga, ta raka su ofis, ta leƙa karatun yara. Da aka ce za su zagaya layinmu su duba gidaje, sai na tuna tarbiyyar Inna, cewa baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Na tsallaka wurin Aranka 'yar Baffa Gyula na aro kujerunta huɗu, da labulenta, da kofunan aurenta. Na yanka kazata ta ƙarshe na yi miya da jan barkono. Malama Gizella, shugabarsu, ta ci ta ƙoshi, ta yaba labulen, ta ce gida kam sai nawa. Daga nan ta shiga gidan Aranka ta tarar da ita zaune kan bokiti, taga ba ko ƙyalle. Kin dai san wadda aka zaɓa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin haushi, haushin da har kunya yake ba ni. Aranka fa! Wadda ko albasa ta dasa sai ta mutu. Yanzu duk bazara motar kamfani tana tsayawa a ƙofarta ta kwashi kokwamba kwando-kwando. Ta yi sabon rufi, ta sa haƙoran gaba, shi ya sa take ta dariya ko ba a ce komai ba. Mijinta Bertalan da ke wuni a bakin shago yanzu da asuba yake tashi, har ya iya cewa ba shi da lokaci. Ni kuwa ina leƙensu ta ramin shinge ina fatan tsutsa ta faɗa wa gonar, daga baya in je coci in roƙi gafara. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ta taɓa yi mini gori ba. Kwalba take cikawa da kokwamba ta miƙo mini ta kan shinge, ta ce, 'yar'uwa ɗanɗana mana, ai da kujerunki aka shuka su. Wai kujeruna, alhali nata ne na aro! In karɓa in yi godiya, in shiga ɗaki ina huci.

Ga inda maganar ta yi tsanani. Maigidana Dezso ya ce in bana ba mu shiga tsarin nan ba, zai bi sauran mazan layi zuwa aikin mayanka a Jamus. Kin san waɗanda suka tafi, nawa ne suka dawo wa matansu? Na rasa ki, ba zan iya rasa shi ba. Don haka na haɗiye girman kaina na je na sami Malama Gizella na faɗa mata gaskiyar labulen. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce oh ni, ashe ranar kazar mutane na cinye. Ta rubuta sunanmu. Sannan ta ce yanzu waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne ke jagorantar sababbi, kuma akwai wadda tun bara take roƙon a ba ta gidanmu. Ban ma tambayi ko wace ce ba, jikina ya riga ya ba ni.

Na kwana uku ina cewa ba da ni ba. Dezso ya ce to madalla, uwar gida, sai ki nemo mini babbar jakar tafiyar nan. Shi ke nan na haƙura. Ranar Alhamis Aranka za ta shigo gidana ta koya mini yadda ake rayuwa, ni da na koya mata ɗaurin zanen jariri. Jiya ta leƙo ta shinge ta ce kada in kuskura in yanka komai, kada kuma in ari komai a wurin kowa. Na ce mata to sai dai ta tsaya a tsaye, don kujera ɗaya gare mu, ita ma Inna ce a kai. Ta ce kada in damu, za ta zo da tata, ai ta san hanya.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe wuyanki. Dezso da Boglarka suna gaisuwa, Baffa Gyula ma haka. Ki gaida ƙawarki Jolan in kun haɗu a coci. Ki sa ni a addu'a ranar Alhamis, Yaya. Ba kokwambar nake tsoro ba. Tsorona in buɗe baki in ce mata na gode, ta ji a muryata cewa da gaske nake.

Ƙanwarki mai kewarki,
Piroska