Gafakar Malam a Kan Keke

Garwa, Agusta 1991

Zuwa ga ƙanena Dawuda, a Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fatime da yara, amin. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Hadijatu ta sauka lafiya, an samu mace. Inna kuwa jiki sai a hankali, ƙafafun sun kumbura, idon ya ƙara rufewa, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Ni kaina rub da ciki nake rubuta maka, don sirdin keke ya hana ni zama irin na mutane. In ka ga rubutun yana tangaɗi, ka yi mini uzuri.

Maganar Alƙur'anin da marigayi mahaifinmu Malam ya rubuta da hannunsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, wanda ya ce naka ne tunda kai ka riƙe karatu, aka bar shi amana wurin ƙanensa Baffa Wada a Bogo. Farkon watan nan Inna ta tashi da zancensa, ta ce a kawo mata shi ɗakinta. Na ce ta yi haƙuri damina ta wuce. Sai ta tambaye ni wa ya yi mini alkawarin za ta ga kaka. Ka san Inna, ba ta maimaita magana, juya maka baya kawai take yi ta fuskanci bango. To ga wannan vil mort, yajin 'yan adawa, da ta rufe gari, tasha wayam, ranar da mota ta fito kuma sai mai ƙarfin ƙirji ke samun wuri, sannan daga Marwa zuwa Bogo ko ba rikici wane direba zai sa motarsa cikin wannan laka? Na ce zumunta a ƙafa take, na jawo baƙin kekena na sa masa mai. Matata Sa'adiya ta yi dariya har da riƙe ciki, wai mutum da furfurarsa, wanda iyakar tafiyarsa daga gida sai shagon ɗinki. Na ji haushi, amma wallahi ita ce da gaskiya.

Ko garin Fitowa ban kai ba hadari ya haɗo, kuma tun daga nan ban ƙara sanin busasshiyar riga a jikina ba. Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa, birki ya daina kamawa, sarƙa tana zamewa. Jandarmomi su tsayar da kai cikin ruwa su karɓi kart ɗinka na shaida, su dube ka su dubi keken, su tambaye ka sau biyu ina za ka don su ƙara dariya. A Figil taya ta fashe. Wani mai faci, Émile, ya gyara, ya ba ni wuri a rumfarsa na kwana, da safe matarsa ta dama mini kunu mai zafi. Allah ya saka musu. Bayan Marwa kuwa, inda kwalta ta ƙare, ba ni na hau keke ba, shi ya hau ni. Baƙar lakar nan da ake kira karal ta cushe tsakanin taya da ƙarfe, sai na tsaya na sa kara na ƙwaƙule, in yi gaba kaɗan ta sake cushewa. Na shiga Bogo da keke a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Baffa Wada ya yi kuka da ya gan ni, ya kuma ba da amana ba gardama. Wurin ɗaurin kaya aka samu matsala. Ina da ƙaramin akwatin ƙarfe a bayan keke, mai murfi gam, wanda duk ruwan nan bai jiƙa ko hular da ke ciki ba. Na buɗe zan sa gafakar, sai Baffa ya riƙe hannuna. Ya ce ashe zan ba maganar Allah baya, in zauna a samanta tun daga Bogo har Garwa? Ya ce Malam ko a kan jaki bai taɓa barin gafakar nan ta sauka ƙasa da ƙirjinsa ba. Dawuda, ba zan ɗora wa tsoho laifi ba, don ni ma da ya faɗa sai na ji kunya ta kama ni. Muka naɗe warƙoƙin da farin alawayyo, muka mayar cikin gafaka, muka lulluɓe da leda, na rataya a wuya ta kwanta a ƙirjina ƙarƙashin riga.

Haka na juyo, a sunkuye kamar kaza a kan ƙwai, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a ƙirji. Wuya ya ƙage, igiyar ta yanke mini fata, amma na wuce Marwa lafiya, na wuce Muturwa. Gaba kaɗan na tarar wani mayo, wato rafi, ya cika ya haye hanya. Mutane suna ta tsallakawa, ruwan iya ƙugu. Da na yi haƙuri na jira ya janye, amma jikina ya gaji, hankalina kuma yana kan Inna. Wani bawan Allah ya ɗauke mini keken, ni kuma na ɗora gafakar a ka, na riƙe da hannu biyu na shiga. A tsakiya ƙafata ta faɗa rami. Ban san sanda na nutse ba. Ba a daɗe ba aka cafko ni, gafakar tana hannuna ban sake ta ba, amma ledar ta yage. Da na fito gaɓa na buɗe akwatin ƙarfe in canja riga, na tarar da komai a bushe ƙayau. Na zauna a kan laka na rasa ko hawaye.

Ban buɗe gafakar a hanya ba. Babu busasshen wuri, kuma gaskiya tsoro nake ji. Sai da na iso gida muka shiga ɗaki ni da Sa'adiya, na yi alwala na kwance. Alawayyon nan fari ya koma baƙi ƙirin. Warƙoƙin sun manne da juna, tawada ta narke ta bi gefe, jan wasali ya gauraye da baƙi. Na tsakiya sun ɗan tsira, ana iya karanta su, amma na farko da na ƙarshe sai dai ka ga inuwar layi. Sa'adiya ba ta ƙara dariya ba. Ta ce tunda Inna ba ta gani, mu shanya gafakar mu miƙa mata a ɗaure, kada mu ƙara mata ciwo a kan ciwo. Har na yarda. Sai muka ji muryar Inna daga ɗakinta, wai ta ji ƙarar keke, me ake jira.

Na durƙusa na sa mata a cinya. Ta shafa fatar, ta kai hanci ta shinshina, ta zura hannu ta taɓa alawayyon. Ba sai na yi dogon bayani ba, amma na faɗa mata duka. Na ɗauka fushi za ta yi. Can sai ta tambaye ni ko na san wanda ya haɗa tawadar. Na ce Malam mana. Ta ce Malam ko dakan ƙaro bai iya ba. Ita ce ke ƙona itacen, ta daka gawayin, ta jiƙa ƙaro ta tace, tun tana goyon ka har aka yaye Hadijatu, kullum ya zauna rubutu sai ya tarar da kurtunsa a cike. Sannan ta ce a kawo sabuwar ƙwarya da ruwa mai kyau, a wanke alawayyon a ciki. Sa'adiya ta wanke, ruwan ya yi baƙi. Inna ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Da can da idona ban iya karanta shi ba, yanzu kuke tsammanin zan karanta? So nake ya zo kusa da ni, ga shi kuwa ya zo." Ta yi bisimilla ta sha. Na fita tsakar gida don kada ta ji abin da muryata za ta yi.

To Dawuda, gadonka ne, a hannuna kuma ya lalace. Ba ni da abin da zan ce sai ka yafe mini. Abin da ya tsira na shimfiɗa shi warƙa warƙa a kan gadona, mu muna kwana a tabarma. Baffa Wada bai sani ba tukuna, kuma ba ni da ƙafar komawa Bogo in faɗa masa, ba ni da fuskar ma. Inna ba ta shanye ruwan ba. Ta sa an zuba sauran a kwalba an ajiye a gindin randa, ta ce rabonka ne, kai za ka sha da bakinka a gabanta. Na ce mata ruwan da ke da ƙaro ba ya daɗewa da wannan damshi, zai yi tsami kafin ka sami hanya. Ta ce to in rubuta maka haka, ka yi sauri.

Ka gaishe mini da Fatime, da Hassan da Hindu, ka shafa kan ƙaramin. Sa'adiya da Hadijatu suna gaishe ku ƙwarai. Allah ya kwantar da wannan fitina, ya buɗe hanya, ya kawo ka da wuri.

Ni ne yayanka mai jiran ka,
Sulaimanu